Akushin Uwata a Cikin Gilashi

Akushi ɗaya na gada daga uwata, baƙi wuluk, ya tsage a gefe an ɗaure shi da waya. Da shi ta shigo Makka, kuma a cikinsa nake cin tuwo a ɗakina na unguwar Hindawiyya. 'Yata ta fari kuwa tun tana makaranta take ƙyamarsa. In ƙawayenta za su zo sai ta tura shi ƙarƙashin gado, kada a gane 'yar Takari ce.

To, mijinta ya kai ta Japan yawon buɗe ido. Ta dawo da wata tasar yumɓu karkatacciya, wadda ko kaza ba zan ba ruwa a ciki ba. Ta zauna tana yi min karatu, rabi Larabci, rabi guntuwar Hausar da ta rage mata. Wai a can kayan talakawa, waɗanda ba a san mai yinsu ba, sun fi na sarakuna daraja. Wai mabiya Buddha sun ce in mai sana'a ya manta da kansa, bai nemi yabo ba, abin da hannunsa ya fitar ya wuce a kira shi kyakkyawa ko mummuna. Na ce ikon Allah, sai an biya kuɗin jirgi ake gano wannan? Wallahi haushi ta ba ni.

Tana cikin zuba idonta ya faɗa kan akushin. Ta ɗauka tana shafa wayar kamar yau ta fara ganinsa, ta roƙe ni in ba ta. Na so in hana, amma zuciyar uwa ba ta da wayo. Na ce a raina ko ta Japan aka biyo, ta dai dawo ga kakarta. Na wanke na ba ta, na koma cin abinci a roba.

Ranar walimar sabon gidansu a unguwar Zahir na tarar da shi a kabad na gilashi kusa da tasar, har da fitila a kansa. Wata Balarabiya maƙwabciyarsu ta tsaya tana ta masha Allah, ta tambaya ko shi ma daga Japan yake. Ina zaune, 'yata tana ganina.

Ta amsa mata da Larabci ta ce, "Aiwa, daga wani ƙauyensu."

Na miƙe da ciwon gwiwata, na buɗe gilashin a gaban kowa, na sa akushina cikin abaya. Da Hausa na yi mata sallama, da ƙarfi, yadda duk ɗakin zai ji.