Turken Rumfa a Jakar Mai Ƙugiya

Ranar da aka kawo motar ƙugiya, irin mai ɗaga kaya masu nauyi zuwa saman gini, duk layin ya fito kallo, kowa ya ɗaga kai yana auna tsawon wuyan ƙugiyar da ido. Ba wanda ya dubi jakar hannun mai motar, balle ya lura ta rinjaya gefe guda, kuma an sake ɗinke maratayinta da zaren takalmi. Abin da ke ciki turken ƙarfe ne, tsawon kamu guda, irin wanda ake ɗaure igiyar rumfa a jikinsa.

Mai Kujeru ake ce mata. Shekara goma sha tara ta yi tana ba masu taro hayar kujeru da rumfuna, har ta kai daga jin muryar mutum a waya ta san ko zai dawo mata da kaya a karye. Da benaye suka fara tashi a gefen gari, sai ta ga magina suna zaman dirshan kwana uku suna jiran ƙugiya daga nesa. Ta sayar da kujeru da rumfuna da tsohuwar motar ɗaukar kayanta, ta sayi motar ƙugiya ta hannu, rawaya, mai tayoyi shida. Ita kuwa ko keke ba ta iya tuƙawa ba.

Yayanta ya zo har gida ya zauna a kujera ɗaya tak da ta rage. Ya ce ko maza masu digiri tsoron wannan sana'a suke yi, ya tambaye ta ko ta san sunan ƙarfe ɗaya a jikin motar.

"Yaya, kujerar ma ba ni na ƙera ta ba," in ji ta. "Haya haya ce."

Ta ɗauki direba, wani dattijo da ake kira Tsohon Hannu, wanda ya yi shekara ashirin da biyar yana jan ƙugiya a kamfani. Yana ce mata uwar ɗakina, amma da irin muryar da ake lallashin yaro. In ta yi tambaya sai ya amsa wa tayar mota.

Mako bakwai motar na tsaye a fili. Kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa, maƙwabciya kuma kullum sai ta leƙo ta tambayi ko nawa ne hayar wuyan, tana da shanya. Yaya ya fara zuwa da wani dillali mai zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da makulli. Ita kanta ta sani, in wata ya ƙare ba aiki, ba ta da bakin hana su.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, wani injiniya ya kira. Janareta za a ɗora kan rufin bene hawa uku, kuma ita ya nema don duk sauran ƙugiyoyin suna wurin aiki.

Da hantsi suka isa. Babbar motar da ta kawo janaretan tana jira a bakin ƙofa. Injiniya, saurayi mai farar hular kwano da waya biyu, ya nuna wani fili a jikin ginin, shimfiɗe da sabuwar tsakuwa, ya ce a tsaya nan. Tsohon Hannu ya shiga da baya, ya fara fitar da ƙafafun ƙarfe huɗu da motar ke dogarawa a kansu in za ta ɗaga nauyi.

Mai Kujeru ta buɗe jaka. Tun ranar da iska ta tuge mata rumfa a kan mutane, ba ta sake kafa ko sanda ba sai ta soki ƙasa ta ji. Ta bi wuraren ƙafafun ɗaya bayan ɗaya tana danna turken da tafin hannu, leburori suna dariya, wani yana tambaya ko gyaɗa za ta shuka. Wuri uku turken ya ƙi shiga. A na huɗu, na baya ta dama, ya nutse har wuya kamar a cikin sabulun da ya kwana a ruwa. Ta zare, ta matsa taki ɗaya, ta sake. Haka dai.

Ta ce ƙafa ba za ta zauna nan ba. A fitar da motar titi, a ɗaga ta kan katanga.

Injiniya ya yi dariya, ya ce shi da kansa ya sa aka daddaɓe wurin nan. Daga titi kuwa sai an cire ƙofar gida an tare hanya, aikin awa ɗaya ya koma na wuni. Ya juya wajen Tsohon Hannu kamar ba ta wurin, ya ce Baba, kai ka san aiki, mu ci gaba.

Tsohon Hannu ya sosa ƙeya, ya ce in an sa katako mai kauri, ai ya sha ɗagawa a wurin da ya fi wannan laushi.

Ta taka matakalar motar, karo na farko da ta hau ta a gaban mutane, zani na harɗe mata ƙafa. Ta miƙa hannu ta kashe inji, ta zare makulli, ta sauko.

"Baiwar Allah, kin san abin da kike yi kuwa?" in ji Injiniya. "Waya ɗaya zan buga, ba mai sake kiranki a garin nan."

"Kana da biyu, buga duka," ta ce. "Ban san ƙugiya ba, gaskiyarka. Amma na san ƙasa. Motata ce, kuma mutumin da ke cikinta yana da jikoki."

Ta san dillalin Yaya ne ke jiranta in ta bar nan hannu wofi, amma ba ta mayar da makullin ba. Tsohon Hannu ya sauko a hankali, ya karɓi turken, ya danna da kansa. Ya daɗe yana kallon baƙar laka mai wari da ta biyo ƙarfen. Sai ya kira maigadi ya tambaye shi mene ne a nan kafin a fara gini. Maigadi ya ce tsohuwar shadda ce, wato ramin masai, an cike ta da shara da ɓaraguzai bara, ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Injiniya bai ba da haƙuri ba. Ya koma gefe ya yi ta waya yana faɗa da hannu, direban babbar mota kuma yana danna ham, yana cewa shi fa yana da wani lodi. Can Injiniya ya dawo, ba tare da ya dube ta ba, ya ce wa leburori su kwance ƙofa.

Sai bayan la'asar janaretan ya tashi. Ya haye katanga yana lilo kaɗan, ya wuce saman wayoyin lantarki, ya zauna a kan rufi. Ita tana tsakiyar titi tana tare motoci da mayafinta, masu wucewa suna zaginta tana ramawa. Da aka gama, Injiniya ya sa hannu a takarda, ya ce ta ɓata masa wuni, kuma zai yi tunani kafin ya sake kiranta. Ta ce ya yi tunanin a tsanake, lambarta ba ta canzawa.

Tsohon Hannu na naɗe ƙafafun mota ya ce akwai aikin ɗora tanki ranar Litinin a wajen wani tsohon abokinsa, da bai yi niyyar faɗa mata ba. Ya tambaya ko za ta je ta ga wurin tukuna. Ta ce gobe da safe.

A hanyar gida ta tsaya a shago ta sayi garin sabulu ƙulli biyu, da ta isa ta jiƙa mayafinta da baƙin man motar ya ɓata a cikin bokiti.