Ranar da Na Ƙi Jan Motar Kawu

Shekarata ta uku a Sabha na samu aikin tuƙa fikof ɗin wani Balarabe mai gonar kayan lambu a Wadi Bawanis. Ranar da ya ba ni makulli, ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wani ɗan faranti da aka manna a jikin ƙarfen. Lambobi biyu ne a kai: ɗaya nauyin da motar za ta kai ne da kayanta da mutanen cikinta, ɗayar kuma jimillar nauyinta da na abin da take ja. Ya ce in na wuce su, kaina na cuta kafin motarsa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya kawo ni ƙasar nan daga Damagaram, kuma a ɗakinsa na unguwar Tayuri na fara kwana. Yana tuƙa wata tsohuwar kamiyo ƙarama, motar ɗaukar kaya, yana ɗauko dabino daga garin Ghuddwa zuwa kasuwa. Wata hantsi cikin kakar dabino ya kira ni, ya ce injinsa ya mutu a hanya, in zo da sarƙa.

Na tarar da shi a gefen kwalta da leburori biyu 'yan garinmu. Akwatunan dabino sun haura bodin motar, an ɗaure su da igiya, bayanta ya zauna har tayoyin na neman gogar ƙarfe. Na zagaya ta na dawo, na ce masa ba zan ja ta a haka ba. Ita kaɗai ba kaya ta kusa cinye abin da aka yarje wa tawa ta ja, da dabinon kuwa ta ninka shi.

Ya yi dariya, ya ce ya sha ganin irin motata ta ja abin da ya fi wannan. Na ce ja ba wuya, giya ɗaya za ta motsa ta. Tsayawa ce matsalar. Injinsa a mace yake, birkinsa zai yi tauri kamar dutse, kuma akwai gangara kafin shingen bincike. Duk nauyin nan a bayana zai sauka.

"Ni na kawo ka garin nan," in ji shi. "Yau kai za ka koya mini mota?"

"Kawu, ku yi haƙuri. Zan kwashe muku dabinon, zan ja motar in ta zama wayam. Amma da kaya, ko mahaifina ne ba zan ɗaura sarƙar nan ba."

Leburorin suka sunkuyar da kai. Ban jira izini ba, na hau bodin na kwance igiyar, na fara sauke akwatuna ni kaɗai. Yana ƙasa yana faɗa, ya kira ni butulu, ya ce bawan Larabawa na zama. Zumar dabinon na bin hannuna, ƙudaje sun rufe ni. Can ɗaya daga cikin leburorin ya matso ya miƙo hannu ya karɓi akwati.

Na yi ta sawu tsakanin wurin da kasuwa, kowane sawu daidai abin da fikof ɗin za ta ɗauka. Sai bayan la'asar na ja motarsa a hankali zuwa gareji. A gangarar nan, duk da ba kaya, na ji sarƙar ta saki, motarsa ta matso har na ga fuskarsa ta cika madubina. Mun tsaya lafiya.

Dillalin da ke jiran dabinon ya gaji ya saya a wurin wani. Kawu ya ɗora mini laifin, ya daina amsa gaisuwata har kakar ta wuce. Labari ya kai gida, inna ta kira ni ta ce in je in ba shi haƙuri. Na je, na durƙusa na ba shi haƙuri a kan ɓacin ransa. Da ya tambaya ko na yarda na yi kuskure, na ce a'a, gobe ma in ya kira ni da irin wannan lodi, sai mun sauke.

Yanzu muna cin tuwo a kwano ɗaya ranar Juma'a. Har yau in motarsa ta lalace wani yake kira.