Ƙunshin Ya Kaltum

A Azare, in fitilar mota ta mutu ko batir ya ƙi caji, Zarami ake nema. Rewaya ne, mai gyaran wayoyin mota, rumfarsa na jingine da katangar gidan da yake haya. Daga Borno ya zo a shekarun tashin hankali, filaya a aljihu, tsohuwarsa Ya Kaltum a hannu. Ba ya musu da kowa. Ko shi aka taka, shi ke ba da haƙuri. Mutane na cewa kirki ne. Shi ya san tsoro ne.

Ran da suka bar garinsu, jiniya ce ta fara, harbi ya biyo baya. Tun daga nan Ya Kaltum ba ta jin jiniya ta zauna. Wata rana motar asibiti ta wuce, sai a hanyar Gamawa aka tsinto ta, ba takalmi. Shekara da shekaru kayanta na ƙunshe a bakin ƙofa. Sai bana da ƙaramar salla ta kwance ƙunshin, har ta dasa barkono a tsakar gida.

Ana haka sai ga Alhaji Babayo, dillalin albasa, ana turo masa tsohuwar a-kori-kurar 'yan sanda da ya saya a gwanjo. An shafe ta da koren fenti, amma baƙin na leƙowa.

"Altaneta mai cajin batir ce ta ƙone, ga wata na samo, irin tasu mai nauyin tsiya. Ko tsoronta kake, Babarbare?"

"Haba Alhaji, Babarbare ya ji tsoron kayan Bafulatani?"

Aka yi dariya. Da Zarami zai iya cewa a kai gaba. Amma ya riga ya jiyo abin da za a ce a teburin mai shayi: me ya sa mutumin Borno ke gudun motar 'yan sanda?

Ya sassauta bel, ya kwance notuna, ya ɗago tsohuwar altanetar, ya zaunar da sabuwar. Kowace waya ta koma mazauninta, sai wata ja guda da ke reto. Ya kamata ya bi ta har tushe. To amma tsohuwa na barcin rana, so yake motar ta bar ƙofar kafin ta farka. Sai ya yi abin da 'yan rewaya suka saba: wayar da ba ka sani ba, goga ta a kan batir ka ga abin da zai kama.

Jiniya ce ta kama. Ashe tana ɓoye a bayan bambar gaban motar, ba wanda ya cire ta. Wayar ta manne. Ya fizge ta da hannu, fatarsa ta yi ƙauri.

Alhaji na riƙe da ciki don dariya. Zarami ya faɗa gida.

Ya Kaltum na tsaye a kan barkononta, ba takalmi, ƙunshi a ka. Yaushe ma ta ɗaure shi?

"Zarami, ta ina za mu bi?"

"Ya, gyara nake yi. Motar albasa ce."

"Ta ina?"

Daga waje Alhaji ya ɗaga murya: "Babarbare, zo ka tayar mana!"

Zarami ya zauna a bakin ƙofa, ya tare ta da ƙafafunsa. Sai bayan la'asar Ya Kaltum ta sauke ƙunshin, ta ajiye shi kusa da shi, inda yake a da. Ba ta kwance ba.