Tsohon Hoton da Aka Ba Uwaliya

A unguwarmu ta Wurno an san Uwaliya da abu biyu: iya zanen lalle da sa wa ƙanwarta Mahbuba ido. Maƙwabciyata ce tun muna 'yan mata, don haka ba labari aka ba ni ba. Ita ce ta fari wurin Malam Gambo manomin albasa. Ita aka cire daga makaranta don raino, Mahbuba kuwa ta gama sakandare, kuma Uwaliya ba ta taɓa yafe wannan ba. Ko turmin atamfa ɗaya aka raba musu biyu, sai ta rantse rabin Mahbuba ya fi kyau.

Da tari ya ƙi sakin Malam Gambo, aka kai shi Sakkwato aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ce kansar huhu ce. Uwaliya ta bar ɗakinta ta tare gidan uban. Wanki ita, dama kunu ita, zubar da kaskon kaki ita. Amma ranar asibiti Mahbuba ce ke shiga mota da sabon mayafi, don ita ke jin Turanci. Ni ma abin ya ba ni haushi.

Bayan an daɗe ana magani aka sake hoto, wannan karon a na'urar da ake kwantar da mutum a tura shi ciki. Da suka dawo, Malam ya miƙa wa Uwaliya wanda aka yi kafin fara magani, ya ce ta adana. Sabon yana jakar Mahbuba.

Uwaliya ta shigo wurina tana huci. "Kin gani ko? Ko hoto, tsoho anka ba ni."

A makon aka yi biki a Goronyo. Uwaliya ta sa reza ta yanka tsohon hoton, wanda baƙar roba ce, ta fitar da furanni da ganyaye, tana ɗorawa a ƙafar amarya tana shafa lalle. Zane ya fita tsaf, kowa na yabo. Na ce mata ta ji tsoron Allah, ta ce in ji da harkar gabana.

Ranar komawa wurin likita, mota na jira a ƙofa, Malam ya kira ta. Ina tsakar gida ina ji.

"Uwaliya, kawo ajiyata."

"Wace ajiya, Baba? Ba ga sabo nan ga Mahbuba ba?"

"Sabo shi ɗai ba ya faɗin komi. Likita ya ce sai ya jera su biyu ya auna, shi ga ko ƙullutun ya ragu ko ya ƙaru. Nan za a san ko magani na ci ko a sake wani. Inda anka ɗauki na farko kuwa ba su aje komi ba."

Ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da guntayen a tafin hannu, duk jan lalle. Malam ya yi ta kallonsu, tari ya sarƙe shi, sai da ya lafa ya yi magana, ba tare da faɗa ba.

"Mahbuba ko makullin ɗakinta ba ta iya riƙo. Abin da nike tsoron shi ɓace, shi nib ba ki."

Direba ya sake danna hon. Uwaliya ta durƙusa kan tabarma tana jera guntayen, tana neman inda huhun babanta ya fara.