Wumpini da godiyar da ba tasa ba

Kafin masu koko su sauke tukunya a unguwar Zogbeli ta Tamale, Wumpini ya riga ya ɗaure tsaninsa a bayan babur ya nufi kasuwar Aboabo. Haka yake yi shekara da shekaru. Shi ne mai kula da netwok ɗin ƙungiyar 'yan kasuwa, wato 'yan akwatunan nan da ke manne a kan rumfuna suna raba intanet, waɗanda da su masu man kaɗe da masu shinkafa ke aika hotunan kaya ga masu saye a Kumasi. Ba ya taɓa waya sai ya bi rumfa-rumfa da gaisuwar safiya ta garin, "Dasiba", ana amsa masa da "Naa", daga nan ake zazzage masa koke-koken jiya.

Usumanu mai shinkafa ya sha ganinsa rub da ciki a ƙarƙashin buhuna yana bin kebul ɗin da ɓera ya gwaigwiye. Masu man kaɗe sun gan shi a kan kwano ana yayyafi, suna ta salati a ƙasa, shi kuwa ko a jikinsa. In netwok ya ɗauke, har zaginsa ake yi, ya shanye. In ya dawo, sai a manta da shi.

Wata shekara kawunsa ya rasu a ƙauye, ya tafi zaman makoki. Bayansa iska ta tsinka waya, kasuwa ta yi kwanaki a rufe ta fuskar intanet, wani babban mai saye ya gaji da jira ya koma wani wuri. Ba wanda ya ce masa uffan da ya dawo, amma abin ya tsaya masa a rai. Ya dinga bincike da tambaya har ya kawo wa ƙungiya sabon tsari: akwatuna masu sa ido a kan juna. In ɗaya ya mutu, saƙo ya zagaya ta maƙwabcinsa. In ɗaya ya rikice, ya kashe kansa ya sake tashi. Da hannunsa ya kafa su, ya saita su, ya gwada.

Daga nan fa ruɗani ya fara. A Tamale, wanda aka yi wa alheri yakan yi sammako washegari ya je godiyar jiya. Sai ga Wumpini ya buɗe ƙofa ya tarar da mata a tsugune da ƙwan zabi.

"Mun zo godiyan jiya. Netwok ya tafi, kafin mu nemi lambanka ka dawo da shi."

Jiya? Shi jiya yana gidan suna. Ya ce ba shi ba ne, suka yi dariya suka ce Wumpini da kunya. Bayan kwana biyu Usumanu ya aiko da tuwon zafi da miyar ayoyo. A bakin masu godiya yake jin labarin gyaran da wai ya yi. Wasu har sun fara raɗe-raɗin cewa daga nesa yake aiki, yana da abin da ya taka.

Matarsa Zuhuratu ta ce, "Kai ma dai. Ka ce naa, ka karɓa. Wa ya rasa wani abu?"

Shi ya kafa abin, to godiyar tasa ce? Amma ba shi ya tashi ya yi gyaran ba. Ya juya maganar ya sake juyawa, kansa ya ɗaure. Abu ɗaya dai ya sani sarai: ranar da ƙungiya ta gane netwok na gyara kansa, ba ta da dalilin riƙe ma'aikaci na kullum, kuma da wannan aikin yake riƙe gidansa.

A taron ƙarshen shekara, Hajiya Basiratu, magajiyar masu man kaɗe, ta miƙe ta ce bana Wumpini ya yi aikin da bai taɓa yi ba, a sabunta masa aiki a kuma karrama shi. Aka ɗau tafi. Wumpini ya tashi, ya je ya zare wayar babban akwati a gaban kowa, ya dawo ya zauna ya harɗe hannuwa. Wayoyin mutane suka tsaya cak. Kafin a gama "subhanallahi" sun dawo aiki.

"Kun gani, Mma Magajiya? Ban gyara komai ba. Haka yake yi tun da aka sa shi."

Usumanu ya leƙa ƙarƙashin benci, ya dubi hannun Wumpini. "Massa, ɗan'uwa, faɗi gaskiya, karatu ka yi a zuci?"

"Ban karanta komai ba."

Hajiya Basiratu ta dube shi. "Ɗana, ban gane ba. So kake mu sallame ka?"

"Ba na so, Mma. Ina da yara a sukul. Amma ba ni ne ba, kuma ba zan iya ci gaba da amsa naa ba."

Ba a watse taron nan da fahimtar juna ba. Wasu sun ce mutumin kirki ne, wasu sun ce kansa da motsi. Bayan 'yan makonni ƙungiya ta yanke abin da yake tsoro: ba aikin kullum, sai in akwati ya ƙone a kira shi ya canza. Ƙarshen watan nan zai ajiye tsani.

Wumpini, kai ne ka ga mutane na wahala da jiranka, ka kawo abin da zai raba su da jira, alhali ka san kai zai fara turewa. Kai ne aka miƙo wa yabo da abinci a faranti guda, ka ce a dakata a ji gaskiya. Mai hawa kwano a damina, abin da aka yi maka ya yi mana ciwo, kuma har yanzu mun rasa wanda za mu ɗora wa laifi.

Usumanu ya tambaye shi ko yana da-na-sani. Yana murza makullin babur ya ce, "Wallahi har yau ban san ko wayo na yi ko wauta ba. Amma yanzu ko na mutu, kasuwa ba zai tsaya ba."

Mun gode, Wumpini. Allah ya buɗa maka wata ƙofa, ya raya maka zuri'a. Ku kuma masu aiki, na ofis da na kan kwano, in an yaba muku a kan abin da ba ku yi ba, ku buɗe baki ku faɗa, ko da kun san abin da zai biyo baya. Wani a Zogbeli ya faɗi gaskiya, alhali yana da yara a makaranta.