Ranar da Na Soya wa Ɗana Habbar

Ko na manta komai na zamana a Jidda, ranar da na soya wa ɗana habbar ba za ta fita daga raina ba. Har yanzu in na tuna sai in yi dariya, daga baya kuma kishin ya taso mini sabo fil.

Shi ne ɗana na fari. A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane. Da wannan kunyar na zo Jidda ina amarya, da ita na haife shi a unguwar Nuzla, da ita na rene shi. "Kai" nake ce masa. Ban taɓa ganin akwai abin yi masa bayani ba, don haka mahaifiyata ta yi wa yayana, kuma kowa ya san ranta a kansa yake.

Da ya girma sai ya samu aiki a wani jirgin ruwa na masu bincike. Shi ke kula da kyamarar da ake zurawa can ƙasan teku, inda hasken rana ba ya kaiwa. Abin da suka fi nema shi ne habbar, wata halitta mai laushin jiki da hannuwa barkatai, da ke fesa baƙin ruwa kamar tawada in ta tsorata. Sai ya yi makonni a ruwa, ya dawo ya yi duhu, bakinsa cike da labari.

Dawowarsa ta farko ya same ni ina tankaɗen garin waina. Ya buɗe kwamfutarsa ya ce, "Umma, ta'ali, zo ki ga abin da na ɗauka." Zuciyata kamar ta fashe don alfahari, amma ko kai ban ɗaga ba na ce, "Ga aiki a gabana zan zauna kallon kifi?" Ya rufe abinsa ya tsallaka gidan maƙwabciyata.

Ita Bahaushiyar Sudan ce, yana kiranta Khala, wato inna. Mace ce mai kirki, wannan ba zan ci haƙƙinta ba, sai dai bakinta ba ya rufuwa. Bango ɗaya ya raba mu, don haka ina jin lokacin da ta rangaɗa guɗa tana cewa, "Ya waladi, ɗana, ma sha Allah! Kai ne ka shiga ƙasan bahar?" Ɗan da na yi wa naƙuda, wata ke yi masa guɗa. Daga ranar, duk dawowarsa sai ya gaishe ni a tsaitsaye ya wuce can da kwamfutarsa.

Ni kuwa sai na koyi mayar da faranti. In na ji sun fara kallo, sai in ɗauki ko wane kwano ne in je in laɓe bayan labulen ƙofarta. Ta nan na ga duniyar ɗana. Duhu ne da ɗan jan haske, wasu fararen abubuwa na zubowa a hankali. Na ji yana faɗa mata farar fitila korar habbar take yi, shi ya sa suke kunna ja su yi ta jira. Can sai ga habbar ya fito daga duhun, jikinsa na sauya launi, ya naɗe hannuwansa a jikin kyamarar, ya ƙura mata wani ƙaton ido. Ina son in tambayi ko bai ji tsoro ba, sai in koma gida da kwanona a hannu.

Wata rana ina da baƙi ya shigo ya ce masu jirgin za su nuna fim ɗin da ya ɗauka a wani zaure, kowane ma'aikaci zai zo da mutum ɗaya daga gida. "Umma, za ki je?" A gaban mutane me zan ce? Na ce, "Me zan je yi?" Ina jira ya sake tambaya in baƙin sun tafi, yadda kowane ɗa a garinmu zai yi. Sai kawai ya ce, "Halas, shi ke nan," ya fita. Ban gama zuba wa baƙi shayi ba na ji guɗa ta bango.

Wallahi kwanakin nan ko waina ba ta yi mini kyau a tanda. Abin da ya ƙarasa ni shi ne da Khala ta shigo aron jakata mai kyau, tana tambayata wace abaya ta fi dacewa. Na ba ta jakar ina murmushi, raina na ƙuna.

Ranar taron da safe na ce to, ita tana da guɗa, ni ina da hannu. Na hau mota har kasuwar kifi, na nuna wa mai sayarwa habbar, ya gyara mini. Na soya shi da tafarnuwa da yajina na gida. A tunanina mutumin da ke bin abu har ƙasan teku ai ba ƙaramin so yake yi masa ba.

Ya shigo sauya kaya, na tura masa kwano na ce, "Kai, ci ka tafi." Ya buɗe murfin ya leƙa.

"Umma, hada habbar, wannan habbar ne? Ai na daina ci tun da na fara ganinsu da rai. Khala ta sani."

Wannan "Khala ta sani" ita ta ɓalle mini baki. Na ce, "Khala ta sani! Khalar ta lura da mai guntulallen hannun nan da ya tafi ya sake dawowa? Ta ga ƙaramin da ya fesa tawada ya gudu da babban ya matso? Guɗa kawai take yi, ko kallon ba ta yi!"

Ya tsaya yana dubana. "A ina kika gani?"

"A bayan labule," na ce. Sannan, ban san yadda aka yi ba, na kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda bai taɓa fita daga bakina ba.

Ya zauna a ƙasa daɓas, da farar rigarsa. Da Hausarsa mai tuntuɓe ya ce, "Wallahi Umma, ni ina zato ba ruwanki da ni." Wannan maganar ta fi guɗar Khala yi mini ciwo. Duk shekarun nan ina ganin ina girmama shi, shi kuma yana ganin ban damu ba.

Ya miƙe zai je ya ba Khala haƙuri don ya tafi da ni, na hana shi. Mace ta riga ta yi kwalliya, ba zan sa a kunyata ta ba. Ina leƙe ta taga ta shiga mota riƙe da jakata. Na dawo na zauna na ci habbar ɗina ni kaɗai, ga shi ya yi tauri kamar roba.

Bayan la'asar na ji motar ta tsaya. Ban ji muryarsa a ƙofar maƙwabta ba. Ɗakina ya shigo kai tsaye, ya ɗora mini kwamfutar a cinya ya ce, "Yalla, daga farko." Na yi masa duk tambayoyin da na tara, har da ta tsoron. Ashe ya ji.

Ba a sake yin irin wannan taron ba, kuma har gobe in Khala ta fara ba da labarin zauren da tafin da aka yi wa ɗana, sai in tashi in duba tukunya. Kujerar tawa ce, da bakina na ba da ita. Abin da na koya shi ne kunyar da na kawo daga gida sai wanda ya tashi a cikinta ke gane ta. Ɗan da ka haifa a wata ƙasa, in kana sonsa ka buɗe baki ka faɗa masa, tun kafin maƙwabciya ta faɗa.