Bushira, Wadda Ta Tsare Mini Bakina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Maris 2025, cikin azumi, ina zaune ƙofar gidana a Birnin Gwari mijinki Nu'uman ya bugo waya daga Abuja, ya ce Allah ya karɓi ranki bayan jinyar kwana huɗu. Shekararki talatin da ɗaya, Bushira.

Ni ubanki a aji huɗu na tsaya a firamare, shi ma rabinsa a bakin rafi na yi shi. Da kika ce aikinki ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, kai kawai na gyaɗa kamar na gane.

Shekara biyu da suka wuce na fara faɗuwa, magana tana sarƙe mini. Gari ya ce dukan gindin bindigar da 'yan daji suka yi mini a hanyar Dogon Dawa ne. Kika ɗauke ni zuwa asibitinku. Da za a sa ni cikin na'urar hoton, aka ce a cire kowane ƙarfe, don tana da maganaɗisu. Na miƙa agogo da makulli, na ɓoye guruna mai zobba na zamanin da nake ɗan sintiri. Kika laluba ƙuguna kika ce, "Baba, wannan injin ba ya jin maganin ƙarfe. Kwance shi." Na kwance, kaina a ƙasa.

Gwajin farko ya gano wani wuri a ƙwaƙwalwata, ya auna sinadaran wurin, ya nuna ƙari ne, ba tabon duka ba. Dole a yanke, ga shi daf da inda magana take fitowa. Na tsorata. Mutum irina, in an raba shi da baki, me ya saura?

Kika mayar da ni cikin na'urar, kika ce in riƙa jero sunayen abubuwa a zuci. Na jero hatsi, na jero ƙauyuka. Inda ya haska a hoton kika zana wa likitan fiɗa, kika ce kada wuƙarsa ta bi ta nan. Aka yi aikin, na farfaɗo ina tsokanar nas. Mahaifiyarki ce ta gaya mini kin fita baranda kin yi kuka.

Ranar sadakar uku aka ce in yi miki addu'a. Na ɗaga hannu, bakin ya ƙi buɗuwa, sai liman ya karɓa. Shi ya sa na ɗauko biro.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki. Nu'uman, Allah ya ba ka haƙuri, ya raya ɗanku Usama. Huraira, uwargidana, uwar Bushira, ke ma sannu. Wannan karon ba ni da abin ba ki dariya.